WA YA SAN ZURFIN RIJIYAR MASALLACINMU?

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan kasuwar goro ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata a Agege, kamar yadda ya miƙo mana shi a rubuce.)



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban ƙungiya da sakatarensa, limamai da malamanmu, shugabannin 'yan kasuwa, iyayenmu mata, da samarin da suka tsaya a bakin ƙofa saboda ƙarancin wurin zama, ina yi muku barka da zuwa.

Da sakatare ya aiko mini cewa ni zan yi magana a kan rijiyoyin burtsatse, sai na ce ya sake duba takardarsa, wataƙila ya yi ɓatan suna. Ni ɗan kasuwa ne, goro na gada, karatuna kuwa na Islamiyya ne, ban taɓa zama ajin injiniyoyi ba. Ya ce ai shi ya sa, kai ka riƙe kuɗin gyaran rijiyar masallaci bara, sai ka tashi ka faɗa wa jama'a abin da idonka ya gani. To, shi zan faɗa, tare da abin da na bi na tambayo daga baya.

Kun tuna bara, ana saura kwana goma azumi, injin rijiyar masallaci ya tsaya cik. Muka kira mai gyara, wani yaro Bayarabe mai natsuwa. Kafin ya taɓa ko sukudireba sai ya jero mini tambayoyi. Baba, zurfinta ƙafa nawa? A ƙafa nawa aka rataye injin? Ina aka sa rariya? Wa ya haƙa, kuma a wace shekara? Na waiwaya na dubi ladan, ladan ya dubi na'ibi, na'ibi ya dubi ƙasa. Wanda ya tsaya a kan aikin lokacin da aka haƙa ta, Allah ya ji ƙansa, ya yi shekara shida da rasuwa. Ɗansa ya ce ya taɓa jin baba na cewa ƙafa 200 ce. Wani dattijo da ke cikin ɗakin nan yanzu ya ce a'a, 250 aka biya, don kuwa kuɗin ƙafa 50 na ƙarshe daga aljihunsa suka fito. Da aka zaro injin, aka ɗaura guntun ƙarfe a igiya aka zura, a ƙafa 140 ya tsaya.

To, jama'a, ina sauran? Ko dai yashi ne ya cike ƙasanta a hankali, ko kuma tun ran farko ba a kai can ba, aka karɓi kuɗinmu aka tafi. Kuma sanin wannan shi ne gyaran. In yashi ne, wanki take so. In kuwa iyakarta ke nan, kuɗin wanki asara ne. Da yake ba mu sani ba, muka biya aka wanke ta har sau biyu. Sannan wani ya ba da shawara a sayo injin da ya fi na da ƙarfi. Aka sayo. Cikin minti goma sha biyar yake zuƙe rijiyar tas, ya koma jan iska, kafin sati biyu ya ƙone. Haka muka yi azumin nan muna sayen ruwan alwala a kura.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a rumfata ko huhun goro ɗaya ya fita bashi sai na rubuta sunan wanda ya ɗauka da rana da wata. Tun muna yara malamanmu suka karantar da mu muhimmancin rubuta bashi. Amma ga abin da jama'a suka tara wa kuɗi, aka yi shi don sadaka mai gudana, ba shi da ko rabin takarda. Bayan sallah na zagaya gida goma sha biyu masu burtsatse a layinmu da na bayanmu. Mutum ɗaya kaɗai ya fito mini da takarda, ita ma rasit ce ta kuɗi, ba ta ce komai a kan abin da ke cikin ƙasa ba.

Ba sai na gaya muku dalilin da ya sa kowa ya koma huda ƙasa ba. Ga Iju nan kusa da mu, inda aka buɗe gidan ruwan farko na Ikko tun 1915. Ga na Adiyan da aka gama a farkon shekarun 1990. Iyayenmu da suka sauka a nan saboda tashar jirgin ƙasa da gonakin goro sun sha ruwan famfo. Amma garin ya fi ƙarfin famfon. Alƙaluman da hukumar ruwan jihar ta sha faɗa a shekarun baya su ne, ko da dukan injinanta suna aiki, galan miliyan 210 za ta iya bayarwa a rana, alhali kuwa buƙatar gari ta kai miliyan 540. Ragowar daga ina take fitowa? Daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Mai hali ya haƙa tasa, marar hali ya saya a wurin mai hali.

A nan ne nake so ku ba ni aron kunnuwanku, domin ni ma a da ina zaton in mutum ya haƙa rijiya a gidansa, wani tafki ne nasa shi kaɗai ya faɗa a kai. Ashe ba haka abin yake ba. Yadda masana suka warware mini, ƙasar nan hawa-hawa take: yashi, sai laka, sai tsakuwa, sai kuma wani yashin. Ruwan sama da ya nutse yana zaune ne a tsakankanin ƙwayoyin yashin, kamar yadda soso ke riƙe ruwa. Shimfiɗar yashin nan kuwa ba ta san katanga ba. Wadda ta bi ta ƙarƙashin gidana ita ta bi ta ƙarƙashin gidan maƙwabcina Bayarabe, ta wuce ta ƙarƙashin coci, ta wuce ta ƙarƙashin mahauta. Duk lokacin da ka kunna injinka, ruwan da ke kewaye da bututunka yana lotsawa kamar mazurari. In maƙwabcinka ya fi ka zurfi kuma injinsa ya fi naka ƙarfi, mazurarinsa zai iso ƙarƙashin gidanka, ka wayi gari rijiyarka ta ƙafe ba tare da kowa ya shigo maka gida ba. Da yawa daga cikin rijiyoyin guga na tsofaffin gidajen unguwar nan haka suka mutu, aka ce wai aljanu ne, ko an yi mata baki.

'Yan uwanmu da suka fito daga Barno za su ba ku labarin da ya fi wannan. Daga ƙarshen shekarun 1950 an haƙa ɗaruruwan rijiyoyi a yankin Tafkin Chadi waɗanda ruwa ke tsartuwa da kansa ba inji ba guga, saboda ƙarfin da ke matse shi a can ƙasa. Mutane suka ga banza ta faɗi, aka bar da yawa a buɗe suna kwarara dare da rana, dabbobi na sha, sauran na bin daji. Shekaru suka tafi, ƙarfin ya ragu, waɗansu suka koma ɗigo, waɗansu suka ɗauke. Yadda aka yi ma har aka gane raguwar shi ne, tun zamanin Turawa ma'aikatar binciken ƙasa da duwatsu da ke Kaduna takan ba rijiya lamba ta rubuta bayaninta, don haka na baya suka sami abin da za su kwatanta da shi.

Mu a nan Kurmi ruwan sama bai yi mana rowa ba, don haka tsoronmu ya fi karkata ga lalacewar ruwan. Ku tambayi masu gadi da masu ɗinki na Lekki da Ajah da Victoria Island. A can, ruwan teku yana maƙwabtaka da ruwan daɗi a ƙarƙashin ƙasa. In aka matsa wa na daɗi da zuƙa, sai na gishiri ya matso ya maye gurbinsa, kuma in ya shigo ba a korarsa da sauƙi. Ga kuma Baruwa, can wajen Ipaja, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba daga nan. Tun tsakiyar shekarun 1990 man fetur da ya tsiyaya daga bututun da ya ratsa ta wurin ya shiga rijiyoyin mutane, guga ya riƙa fitowa da warin mai. Gidajen da ba su taɓa sayar da ko kwalbar fetur ba su ma rijiyoyinsu suka ɓaci. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai kun san sauran.

To, ina hukuma a cikin wannan? Dokoki dai akwai su. A 1993, gab da saukar Janar Babangida, aka kafa dokar soja mai lamba 101 a kan albarkatun ruwa, wadda aka shigar da ita cikin kundin dokokin Tarayya daga baya. Ta ɗora kula da ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sama da na ƙarƙashin ƙasa, a hannun Gwamnatin Tarayya. Ta yarje wa mai haƙƙin fili ya ɗebi ruwan ƙarƙashin filinsa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobinsa da ban-ruwan 'yar gonarsa. Amma ta ba Minista ikon ya ce ga inda za a haƙa, ga zurfin da za a kai, ga yadda za a gina, kuma ya sa a tantance masu haƙar a ba su lasisi. Ku lura, don amfanin gida aka ce. Wanda ya kafa tanki shida yana sayar wa 'yan kura ya fita daga wannan rangwamen.

A 2010 hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON, ta fitar da ƙa'idar aikin haƙar rijiya, wadda ta nemi mai haƙa ya rubuta rahoton kowace rijiyar da ya gama. A wannan shekarar ce kuma aka yi dokar kafa hukumar NIHSA, wadda kukan ji ta a rediyo kowace shekara tana gargaɗin ambaliya. Auna ruwan ƙarƙashin ƙasa da ajiye bayanansa ma yana cikin aikinta. Akwai cibiyar horar da ma'aikatan ruwa ta ƙasa a Mando, Kaduna. A nan jihar kuma, dokar ruwa ta 2004 ta kafa hukumar da ake kira LASWARCO, mai ba masu haƙa da masu sana'ar ruwa lasisi.

Kun ga ofisoshi ba su yi kaɗan ba. Amma ku faɗa mini tsakani da Allah, a cikinku wa ya taɓa ganin mai haƙa ya zauna da biro yana rubuta irin ƙasar da ke fitowa? Motar haƙa takan iso da yamma, a kwana ana ruri, kafin azahar ta gobe an naɗe kaya. Mutumin nan ya ga cikin ƙasarmu da idonsa, ya san a ƙafa kaza yashi ya ƙare laka ta fara, ya san inda ruwa mai tsatsa yake da inda mai daɗi yake, sai ya tafi da ilmin a kansa. Gobe maƙwabci ya kira wani, shi ma ya fara lalube daga farko. Hukumar da ba a kai mata rahoto ba kuwa, da me za ta san ko ruwan Agege sauka yake yi ko hawa? Rijiya ta bayar, guga ya hana.

An yi ƙoƙarin haɗa dokokin ruwan nan wuri guda. Gwamnatin Shugaba Buhari ta kai ƙudurin majalisa a 2017, ya maƙale. Aka sake dawo da shi a 2020, aka janye. Aka kuma kawo shi a 2022, Majalisar Dattawa ta ƙi shi a 2023. Da yawa daga mutanen Kudu da na Binuwai sun ce dabara ce ta ƙwace bakin koguna a miƙa wa makiyaya, waɗansu kuma suka ce Tarayya na so ta ci haraji a kan rijiyar gidan kowa. Ba zan shiga siyasarsa ba a wannan zaure. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, maganar ruwa a ƙasar nan nan da nan take rikiɗa ta zama maganar ƙabila. Mu kuwa da muke zaune a garin wasu, in ta rikiɗa, kanmu take fara sauka.

Ku duba da kyau. Wa ke tura kura da jarka goma sha biyu a titunan Ikko? Yaranmu ne, daga Sakkwato da Kabi da Katsina da Jamhuriyar Nijar, har sunan sana'ar da kowa ke kira da shi, mai ruwa, namu ne. A watan Yunin 2024 da kwalara ta ɓarke a jihar nan aka yi asarar rayuka, jami'an lafiya sun ambaci wani kunun aya na gora marar rajista a cikin abubuwan da suke zargi. Wa ke sayar da aya a kasuwannin nan? Ranar da amai da gudawa ya kwantar da yara goma a layi guda, Allah ya kiyaye, ba wanda zai tsaya tambayar wa ya haƙa rijiya kusa da salga. Yaron da ya kawo jarkar za a nuna. In an tambaye shi ina ya ɗebo, ya nuna gidan ɗayanmu. In an tambayi mai gidan ina shaidar cewa ruwansa lafiyayye ne, me zai fito da shi?

Masana lafiya sukan ce a bar tazarar mita 30, wato wajen ƙafa 100, tsakanin rijiya da salga. Na san za ku yi dariya, kuma kuna da gaskiya, don a gidajenmu na haya mai ɗaki goma sha shida, ƙafa 100 ta kai ka gida na uku. Shi ya sa yadda aka gina rijiyar ya zama shi ne kariyarmu. Aikin ƙwarai shi ne a wuce ruwan sama-sama, a ratsa laka, a sa rariya a yashin da ke ƙasa da ita, a zuba tsakuwa kewaye da rariyar, sannan a cike gefen bututun daga sama da siminti don kada ƙazantar kwata da ta salga ta bi jikinsa ta gangara. Wannan simintin shi masu aikin gaggawa suka fi tsallakewa, domin yana cikin ƙasa, ba mai gani. Ruwa zai fito garau kamar hawaye, amma garau ba shi ne lafiya ba, sai an kai shi ɗakin gwaji.

Akwai kuma wani abin da muke yi da hannunmu, ina roƙon a daina. In tsohuwar rijiya ta ƙafe, sai a mai da ita juji, wani ma ya juya bututun bayan gida a ciki don ya huta da kuɗin kwasa. Wallahi wanda ya yi haka kamar ya zuba ne a randar maƙwabtansa. Rijiyar da ta mutu a cike ta da laka a rufe bakinta da siminti.

Yanzu ga abin da nake roƙon wannan taro. A buɗe littafi guda a ofishin ƙungiya, kowace burtsatse ta unguwa, ta gida ce ko ta masallaci ko ta makaranta ko ta sayarwa, a ba ta shafinta. A rubuta inda take, da shekarar da aka haƙa ta, da sunan mai haƙar da lambar lasisinsa in yana da shi, da zurfinta na gaskiya wanda aka auna da igiya a gaban shaidu, da inda rariya take, da ƙarfin injin da inda aka rataye shi, da tazararta da salga mafi kusa. Tsofaffin rijiyoyi a rubuta abin da aka samu, inda aka rasa a bar gurbi. Sababbi kuwa, kada wani ɗan ƙungiya ya biya cikon kuɗin mai haƙa sai ya miƙa rahotonsa a rubuce da sa hannu, an ƙirga bututun da suka shiga ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kuma an bar injin ya yi ta ja na awoyi an ga ko rijiyar za ta jure. Samarinmu da suka yi boko su zaɓi rijiya huɗu ko biyar su riƙa auna inda ruwa ya kwanta sau biyu a shekara, a watan Maris kafin ruwa ya sauka da kuma watan Oktoba. In aka yi shekara biyar ana haka, za mu san ko ƙasa muke yi. Masu sayar da ruwa kuma su haɗa kuɗi a riƙa kai ruwansu gwaji ko da sau ɗaya a shekara, a liƙa takardar sakamakon a jikin tanki inda kowa zai gani, kofi ɗaya a kawo ofis.

Waɗanda ke zaune a gidan haya suka haƙa da kuɗinsu, ku je ku zauna da mai gida a rubuta yarjejeniya: wa ke da rijiyar, wa ke gyara, kuma me zai faru ran da aka ce ku tashi. Na san mutum biyu a nan da suka bar burtsatse a gidan da aka sallame su, ko kuɗin tanki ba su karɓa ba.

Tun kafin in zauna na san abin da Alhaji na can kusurwa zai ce: wannan littafi ai tarko ne, ran da masu haraji suka ji labarinsa sai su zo su kwafe sunaye. Tsoron nan ba na banza ba ne, duk mun ga yadda ake yi da mu a kasuwa. Amma tanki a kan rufi ba ya ɓuya, layin 'yan kura a ƙofar gida ma ba ya ɓuya. Mai son karɓar kuɗi ba ya buƙatar littafinmu kafin ya gano mu. Ni dai na fi son ran da suka zo, Sarki ya tarbe su da littafi a hannu, ya ce ga rijiyoyinmu, ga zurfinsu, ga gwajinsu, a yi maganar lasisin masu sayarwa a ƙungiyance, maimakon a riƙa tsintar mu ɗai-ɗai ana rufe famfo da kwaɗo. Littafin zai zauna a hannun sakatare, ba mai fita da shi sai da izinin Sarki da shugaba. Ina kuma ba da shawara a sanar da Baale da shugabannin masu gidaje abin da muke yi, in sun so su shigo da nasu rijiyoyin, tunda yashin ɗaya ne.

Littafin ma na riga na saya, ga shi nan, mai bango baƙi. Shafin farko na cike shi da kaina. Rijiyar masallaci: zurfi, ƙafa 140. Ruwa ya kwanta a ƙafa 62 ranar da muka auna. Injin doki ɗaya, an rataye shi a ƙafa 115. Gurbin sunan mai haƙa da na inda rariya take na bar su fari. Duk dattijon da ya tuna wani abu ya same ni a rumfa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu fara da layin mahauta, muna buƙatar samari uku da igiya mai tsawo, wanda ke da awon tela ya zo da shi.

 In na yi kuskure a gafarce ni.